Karin Kumallon da Ya Raba Ni da Uwargida

Jama'a, in kuka je ƙasar waje aka ce ku fito a karya kumallo a cikin gari, ku ce kun ƙoshi. Ni ban ce ba, ga shi yau ina ba ku labari na zuba tagumi.

'Yarmu ta fari, wadda ke aikin jinya a wani gari na bakin teku, ita ta haihu, ta aiko mana da tikiti ni da uwarta mu je mu ga jika. Kwana biyun farko lafiya lau, muna cikin gida ana ta ɗaukar jariri ana ajiyewa. Rana ta uku ta goya ɗanta ta ce, "Baba, yau ba na ɗora tukunya. Ku taso mu je mu karya a bakin ruwa."

Gari ne mai gumi tun da safe, bishiyar kwakwa ta ko'ina, iska na kawo ƙarnin kifi. Wurin cin abincin rumfa ce ta katako, tebur shida, fanka biyu na ta juyi a sama. Ina zama na zura wa fankar ido ina jiran ta tsaya. Har aka kawo shayi da burodi da soyayyen ƙwai da yankakkiyar gwanda, ba ta tsaya ba. Na kasa kunne ko zan ji janareta a bayan rumfa, shiru, sai ƙugin teku.

Uwargida ta tashi wanke hannu. Famfo ne a bakin titi, na kowa da kowa. Ta murɗa, ruwa ya zubo shaa. Ta rufe, ta sake buɗewa. Na gidan 'yarta bai ba ta mamaki ba, ta ɗauka tanki suka saya suka cika. Amma na titi?

"Ke, wace rana ake kawo musu?"

"Kullum, Mama."

"Kullum kullum?"

Ta dawo ta zauna, ta kurɓi shayi, ta ajiye kofi a hankali, ta ce, "Malam, ni fa ba zan koma ba."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Shekara talatin da ɗaya muna tare, na san wannan muryar. Ga shi jirginmu ran Asabar ne, kuma ni ko inda ake ajiye gishiri a gidana ban sani ba.

Nan take na naɗa kaina kakakin manyanmu, ba albashi ba alawus. Na ce a zaga gari, ni zan nuna mata aibinsa.

Muka bi ta kasuwar kifi, masunta na sauke kwanduna, ƙasa a wanke tas. Na ce almubazzaranci ne da ruwa. Muka hau wani titi shimfiɗaɗɗe, ko rami ɗaya babu. Na ce irinsa ke sa direba gyangyaɗi, shi ya sa manyanmu, don tausayinmu, suke barin ramuka su riƙa farkar da mu. Muka wuce gidan mai, mota ɗaya tak, ta sha ta tafi. Na ce, "Kin gani ko? Ina zumunci a nan? Rabin mutanen da na sani a layin mai na san su. Ƙanenki ma a layi ya samu surukinsa."

Ita dai tana ta kallon wani famfon a gindin bishiya. Na ce, "Wannan ma famfo ne? Ko allo ba shi da shi. Namu na unguwa sau uku ana bikin buɗe shi, da makaɗa da almakashi da jawabi. Allonsa ya fi ƙofar gidanmu faɗi, ga hoton Mai Girma yana murmushi. Nan fa mutum ya sha ruwa ya rasa wanda zai gode wa."

Ta ce, "Allon ake sha?"

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Maƙwabcina tela ne, wanda na bar wa amanar babur ɗina a layin mai ranar da za mu taso. Na buɗe murya don ta ji ci gaban da ake samu a gida.

"Albishirinka! Babur ɗinka ya matsa taku huɗu."

"Madalla! An fara bayarwa ke nan?"

"A'a, wani ne ya gaji ya janye motarsa. Ka gaida Hajiya, ka ce mata an sake yi wa allon famfo fenti."

Na kashe wayar. 'Yata ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

Sai muka gangara bakin teku, inda manyan otal suke. Wa zan gani a ƙarƙashin lema, da gajeren wando da malafa, yana zuƙar ruwan kwakwa da tsinke? Fuskar da ke jikin allonmu! Mai Girma Shugaban Kwamitin Binciken Inda Ruwa Ya Shiga, shi da kansa, murmushin ma shi ne. Na ce Allah ya kawo mini agaji. Na ruga har takalmina na cika da yashi.

"Ranka ya daɗe! Talakanka ne. Ga matata ta ce ba za ta koma gida ba saboda ruwa. Ka sa baki."

Ya gyara zama. "Ai abin da ya kawo mu ke nan. Ziyarar ƙaro ilimi muka zo, yau kwana goma sha biyu muna nazarin ruwa." Ya nuna teku da tsinkensa. "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Kafin ƙarshen shekara kowane gida zai samu."

"Allah ya ja zamaninka, wace shekarar?"

Ya yi dariya irin ta manya, ya ce Hajiya akwai barkwanci. Ita kuwa ta matso cikin ladabi ta ce, "Ranka ya daɗe, su uwargidanka fa, a wace rijiyar suke ɗiba? Ko zan riƙa bin su."

"Iyalina? Ai suna nan garin, shekara shida ke nan. Ga gidan can bayan otal. Ki shigo ku gaisa mana, za su ji daɗin ganin 'yar gida."

Jama'a, sai na waiwayi matata. Uwargida ba ta ko dube ni ba. Hannu kawai ta kai ta dafa ƙugunta, wurin da ke mata ciwo tun shekarun da take sammakon ɗaukar jarka daga rijiyar maƙwabta. Kunya ta kama ni, don ni ban taɓa ɗaukar mata ko ɗaya ba.

Ran Asabar ta raka ni filin jirgi, ta gyara mini wuyan riga, ta ce, "Ba fushi na yi ba, Malam. Ranar da famfon gidanmu ya kawo, ka kira ni ka kara masa waya in ji da kunnena. Washegari zan taho."

Yau sati uku ke nan. Gidan ya yi mini faɗi, kuma wallahi ina kewarta. Shekaranjiya da abin ya ishe ni na kira ta, na tsuguna a gindin famfo, na ɗaga buta sama na tsiyaya ruwa a bokiti. Ta saurara har ya ƙare, sannan ta ce, "Malam, butarka ce mai tsagaggen baki. Ka ci abinci kuwa?"

Ban ci ba. Don haka, masu girma, ranku ya daɗe, ba ruwan sha nake roƙo ba, wannan mun saba. Na minti ɗaya nake roƙo, daidai tsawon kiran waya.