Rasuwar Doña Prieta, Baƙar Malafar Don Nemesio Mai Hoto

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, zargi kuma ya danne ɗan gurbin da ya rage, Don Nemesio Arriaga, mai ɗaukar hoto na unguwar La Piedad, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da masu haɗa albarushi na Tultepec, da baƙin da suka zo gasar wasan wuta daga ƙasashe daban-daban, rasuwar baƙar malafarsa, Doña Prieta. Ta riga mu gidan gaskiya a daren gasar hasumiyoyin wuta, a sararin sama, a gaban dubban jama'a, amma har yau ba a samu mutum ɗaya da ya yarda ya san yadda aka yi ta hau can ba. Don Nemesio yana so a sani tun daga farko cewa bai ɗauki wannan mutuwa a matsayin ajali kawai ba. Malafa ba ta da fukafukai, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Marigayiyar ta shigo gidan Arriaga daga kasuwar Cuautitlán a shekarar da mai gidan ya yi aure, don haka ta girmi duk 'ya'yansa. Baƙa ce wuluk, ta matsattsen gashin tumaki, mai kaurin da ko hasken walda ba ya ratsa ta. Masu ganinta a kansa sun ɗauka sanƙo take rufewa. Wannan aikinta na rana ne. Aikinta na gaskiya yana farawa ne bayan faɗuwar rana, lokacin da Don Nemesio ya kafa ƙafa uku ta ɗora kyamara a ƙasa mai tauri, ya ba iska baya don kada hayaƙi ya tare shi, ya saita kyamara a kan abu mai nisa tun ana gani, ya matse ƙofar haske, sannan ya latsa igiya ya bar idon kyamarar a buɗe. Daga nan sai Doña Prieta ta karɓi aiki. In wuta ta fashe da kyau, ta kauce. In hayaƙi ya turnuƙe ko sama ta yi duhu, ta sauka a gaban idon, faf, ba tare da ta taɓa shi ba, domin taɓawa ɗaya kan girgiza hoto. Haka take tara furannin wuta masu yawa a kan fim guda. Waɗanda suka yi aiki kusa da ita ba za su manta da wannan faf ɗin ba, da ƙaurin farar wuta da ba ya barin jikinta ko an shanya ta mako guda.

Ba ta da hayaniya, ba ta da roƙo. Ba ta taɓa yin kama da 'yan zamanin nan masu ɗaga waya sama suna haska wa wuta fitila ba. Amma halinta da ya fi kowane girma shi ne rufin asiri, kuma wanda ya fi kowa cin moriyarsa shi ne Don Crescencio Baltazar, wanda gari ke kira Chencho, gwanin haɗa hasumiyar wuta, wato dogon gini na katako mai zobban albarushi masu juyawa, aminin Don Nemesio tun suna yara, kuma compadrensa, tunda Nemesio ne ya riƙe 'yarsa Herminia ranar baftisma. Albarushi ya bar wa Chencho yatsu uku a hannun dama, sannan shekaru suka zo suka karɓi idanunsa kaɗan-kaɗan. Yanzu in hasumiyarsa ta kama, ja da kore kawai yake gani a cakuɗe. Sai bayan biki yakan zauna da hoton Nemesio da madubin ƙara girma, ya bi zobban wutarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ga aikin hannunsa.

A 'yan shekarun nan hannun ya soma kuskure. Lagwani yakan mutu a hanya, wani zobe ya ƙi juyawa, wani ya yi tari ya tsaya. A irin wannan lokaci marigayiyar takan sauka, faf, Don Nemesio ya ɗan karkata kyamarar, ta kauce, sai zoben da ya kama ya zauna a gurbin wanda ya mutu. Hoto ya fito cif, babu giɓi. Chencho ya tambaya, “Compadre, ya ta fita?” Nemesio ya ce, “Kamar kullum, tsoho, sai dai masu hassada su mutu.” Ba ƙarya yake ganin ya yi ba. A garin nan kowa ya san mai albarushin da ya ajiye wuƙarsa ta yankan lagwani ba ya cika ganin wani Maris, watan bikin, kuma Nemesio ba shi da wani amini da ya rage.

Ciwon ajalinta gajere ne. Ranar gasar, da tsakar rana, mata suka kawo abinci fili, ma'aikata suka zauna a inuwar mota. Kafin a soma ɗaga hasumiya, Chencho ya ce kowa ya cire abin kansa ya rufe ido a roƙi San Juan de Dios, waliyyin masu albarushi, ya tsare rayuka, musamman bana da alƙalan ƙasashen waje za su zauna a gaba. Don Nemesio ya ajiye Doña Prieta a kan akwati. Ya lura addu'ar ta fi ta kowace shekara tsawo, kuma Herminia aka ba ta ja, ba ubanta ba. Da aka ce amin, akwati na nan, malafa babu.

Mutum na farko da zargi ya hau kansa wani mai hoto ne daga Japan, wanda tun safe yake zagaya marigayiyar yana rusunawa, har ya nemi izinin ɗaukarta hoto. Da ya ji ta ɓata, nan take ya zaro baƙin kwali daga jakarsa ya miƙa da hannu biyu. Don Nemesio yana tambayar masu hankali: wane irin mutum ne ke yawo da magajin wadda ba a riga an ce ta mutu ba? Bai karɓa ba. Wani ya miƙo malafar kaba, wadda haske ke zuba ta cikinta kamar rariya, ita ma ya mayar. Ya kuma lura 'yan tawagar Malta sun yi dariya a daidai lokacin, ko da yake an ce masa tun saukarsu suke dariya. Amma da ɗan gari akan ci gari, don haka ya juyo gida. Uwargidansa Doña Eulalia ta daɗe da jin haushin marigayiyar saboda ba a yarda a wanke ta. Da ya tuhume ta, ko kallonsa ba ta yi ba. “Da ni ce, Nemesio, a murhu zan sa ta tun 'ya'yanmu na goye, ba sai na tara mutanen duniya ba.” Sai Herminia, wadda ita ce ke yin rabin aikin ubanta a ɓoye, wadda kuma bara ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, “Baba, wata rana zoben nan a kan ɗan mutane zai sauka. Ranar ma malafarka za ta rufe?” Ita ma ta musanta, sai dai ta musanta tana kallon ƙasa, kuma an rubuta wannan a zuciya.

Da dare ya yi, Don Nemesio ya kafa kayansa da kai a buɗe, da niyyar ya yi amfani da tafin hannu in ta kama. Aka kunna hasumiyar Chencho, Don Nemesio ya latsa igiya, zoben farko ya haska tsaunin katakon tun daga ƙasa har ƙololuwa. A can sama, cikin kambin da ke tashi a ƙarshe, a tsakiyar rokoki, ga Doña Prieta a ɗaure. Daga nan bai sake tuna akwai kyamara a gabansa ba. Gefen dama ya kama da kyau. Gefen hagu ya yi tari ya mutu tun daga tsakiya. Hannun Don Nemesio ya tafi kansa da kansa, kamar yadda ya saba, ya tarar da sanƙo. Wani zobe ya ɓalle daga mazauninsa, ya sauko yana feshin wuta, ya gangara har bakin igiyar da ta tare jama'a, masu busa ƙaho suka watse, wata mata ta fizge jaririnta. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni. Sannan kambin ya soma juyawa, ya yi fiii, ya tashi da marigayiyar. Ta yi sama fiye da yadda malafa ta taɓa yi a tarihin garin, gefenta ya kama da jan wuta, ta yi wani ɗan fuu na ƙarshe, shi ke nan. Idon kyamara kuwa yana buɗe tun daga farko har ƙarshe, babu mai rufe shi, komai ya shiga.

Don Nemesio yana so a shaida cewa mutum ɗaya tak ya wanke daga zargi, shi ne compadrensa, domin tsohon da ba ya ganin matakala ba zai hau hasumiya ba. Doña Eulalia ta tuna masa abin da kowane ɗan Tultepec ya sani, cewa ba a hawa a ɗaura kambi: a ƙasa ake ɗaura shi daidai ƙirjin mutum, sannan a riƙa ɗagawa ana cusa sauran ɓangarori ta ƙarƙashi. Ya ce mata ba a koya wa mai makoki aiki. Da safe masu shara suka kawo masa abin da ya rage, ɗan gefen malafa da zaren da ke zagaye da ita, da guntun igiyar da aka ɗaure ta. Ƙullin na wanda yatsunsa ba su cika ba ne, irin wanda ake ƙarasa ja da haƙori, har ga shatin giɓi a jikin igiyar. Don Nemesio ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce masu giɓi suna da yawa a duniya, ya sa a aljihu.

Chencho ne ya fara zuwa ta'aziyya, Herminia na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya zauna, ya karɓi gahawa, ya ce, “Allah ya ba da haƙuri, compadre. Mutuniyar kirki ce. Ta yi mini hidima fiye da yadda na roƙa.”

Nemesio ya ce, “Wanda ya yi wannan aiki ba zai ga daidai ba.”

“Ai dama ba ya gani,” in ji Chencho. Ya kurɓi gahawarsa. “Ido ne ya tafi, Nemesio, kunne yana nan. Na san kukan zobe mai juyawa, na san shirun wanda ya mutu. Shekara da shekaru ina jin shiru a fili, in zo gidanka in ga wuta a takarda. Na fara zaton ko haukacewa nake yi. An wanke hoton?”

“Bai bushe ba.”

“Zai bushe. In abin da na ji shi ne a ciki, wuƙata da makullin rumfa na yarinyar nan ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Hoton kuwa ya bushe tun asuba, kuma Nemesio ya gan shi. Shi ne hoto mafi kyau da ya taɓa ɗauka, shi ne kuma wanda ya fi tsana. Rabin hasumiya wuta, rabi duhu, ga layin zoben da ya gangara wajen mutane, ga wani ɗan baƙin ɗigo a ƙololuwa yana barin duniya. Tsoro yake ji, kuma ba ya ɓoyewa: yana tsoron ranar da amininsa zai zauna a bakin ƙofa da hannu babu aiki.

Marigayiyar ta bar tsohuwar kyamara, abokiyar aikinta, wadda tun ranar ba ta buɗe ido ba. Ta bar ƙafa uku, ɗayarsu da ɗaurin waya, da igiyar latsawa, da ƙusar bayan ƙofa wadda yanzu ba ta da abin riƙewa. Ta bar sanƙo guda a hannun rana, da hotuna masu yawa a bangon rumfar Chencho waɗanda ita kaɗai ta san abin da ba ya cikinsu.

Za a yi jana'izarta ranar Lahadi bayan an fito coci, a bayan rumfar albarushin Don Crescencio Baltazar, a gindin bishiyar da ma'aikata ke cin abinci. Saboda yanayin wurin, ba a yarda da kyandir ko taba ba, kuma masu son kuka su yi shi nesa da buhuna. Doña Eulalia za ta kawo gahawa da tamales, alalar masara ta garin, ba don ta yi nadama ba, in ji ta, sai don baƙi. Ana gayyatar duk waɗanda aka zarga, har mutumin Japan in bai tafi ba, amma ya bar kwalinsa a masauki. Bayan an rufe ramin, Don Nemesio zai miƙa wa compadrensa ambulan ɗin hoton da hannunsa, a gaban Herminia, wadda aka roƙa ta zo da madubin ubanta.

Roƙo na ƙarshe daga mai makoki: masu zuwa su bar malafunsu a gida, musamman baƙaƙe, kada ya samu abin rufe hoton. Lokacin da tsohon zai sunkuya a kan hoton, Don Nemesio zai kasance a tsaye kusa da shi, kuma a cikin duk waɗanda yake zargi a garin nan, babu wanda bai amince da shi ba kamar hannunsa na dama.