Ranar da Na Koyar da Darasi Kai a Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko da na so, domin 'yan matan da suka gani da idonsu suna nan da ransu. Wasu har da goyo yanzu, amma in muka haɗu a kasuwar Gadarif, nan gabashin Sudan, sai na ga dariya na motsi a kumatunsu tun kafin su gaishe ni.

Shekarata ta farko ke nan ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata. Ba a tabbatar da ni a aikin ba tukuna, sai muwajjih, wato mai zuwa duba malamai, ya zauna a ajina ya rubuta abin da ya gani. An ce ranar Alhamis zai zo.

Bari in faɗi wani abu tun yanzu, don shi ne ainihin abin kunyar. Ni 'yar Mafaza ce, mahaifina riɗi yake yanka a gonakin mutane, Hausa muke yi a gida. Amma tun da na taka ƙofar makarantar nan ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba. Ba wanda ya hana ni. Na dai taɓa jin ana kwaikwayon Larabcin mutanenmu ana dariya, sai na goge harshena tas. Akwai yara shida a ajin da na san Hausa suke yi a gida. In sun yi raɗa ina jin komai, amma sai in yi kamar iska ce ta wuce.

Ranar Litinin muna darasin kunne, wata ɗaliba mai suna Ihlas ta ɗaga hannu. "Ustaza, masu zuwa sararin samaniya da jikinsu ba ya da nauyi, yaya ƙwaƙwalwarsu ke sanin ina ne sama, ina ne ƙasa?"

Ban sani ba. Na ce mata tambaya ce mai kyau, gobe za mu yi ta (duk malami ya san ma'anar wannan maganar).

Na je na karanta, abin kuwa ya kama ni. Ashe can cikin kunne akwai wasu 'yan tsakuwoyi ƙanana da nauyi ke ja, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙasa take. A can sama babu mai jan su. Ido ya faɗi wannan, kunne ya faɗi wancan, sai jiri da tashin zuciya, har ƙwaƙwalwar ta gaji ta koma dogara da ido. Jinin da a nan yake taruwa a ƙafafu kuma sai ya hau kai, fuska ta kumbura, hanci ya toshe, ita kanta ƙwaƙwalwar ta ɗan matsa sama a cikin ƙoƙon kai. Na kuma ga cewa masu bincike kan kwantar da mutane a gadon da aka ɗan karkatar, kai ƙasa da ƙafa, don su ga irin wannan sauyin a nan duniya.

Kalmar "ɗan" ɗin nan ce na tsallake.

Da safiyar Talata na ari angarib, gadon igiyar mai gadi. Na sa aka ɗora ƙafafunsa biyu a kan teburina. Na matse tob ɗina, wato lafayar da muke naɗawa, tsakanin gwiwoyi, na hau, na kwanta kai a ƙasa, na ce, "Ku duba fuskata, ku rubuta abin da kuka gani."

Da farko daɗi na ji. Ina bayani suna rubutu, ba mai motsi. Can sai muryata ta koma ta mai mura. Idanuna suka yi nauyi, jijiyar goshina ta fara bugawa. Ihlas ta ce, "Ustaza, kin zama kamar ƙullin da ya kwana." Na ce ta rubuta. Abin da ya fi ba ni mamaki, bayan wani lokaci rufin ajin ya fara yi mini kama da daɓe, 'yan matan kuma kamar jemagu a rataye. Na shiga tunani: ashe ƙasar da na ɗauka tabbatacciya ce, labari ne kawai kunnena ke ba ni kullum, ni kuma ina yarda.

Ina cikin wannan zurfin tunanin ƙofa ta buɗe. Jemagu biyu manya suka shigo. Ɗaya Sitt Nafisa ce, shugabar makaranta. Ɗayan wani dattijo ne mai farar jallabiya da rawani, riƙe da littafi. Muwajjih. Ashe ruwan sama ya yanke hanyar makarantar da zai je a ranar, sai ya ce bari ya fara da mu.

Na diro daga gadon nan kamar an harbo ni. Jinin da ya taru a kaina ya zube ƙafa gaba ɗaya. Duhu ya rufe ni. Na miƙa gaisuwa da kyakkyawan Larabci, ashe allo nake fuskanta. Na juya, ajin ya juya tare da ni. Na zube zaune daɓas, na ji wata murya ta ƙwala ihu:

"Wayyo Inna, ƙasar ta gudu! Ku riƙe ni!"

Muryata ce. Da Hausa. Hausar Mafaza tsantsa, wadda nake kiran awaki da ita.

Sai dattijon nan ya sunkuyo, ya ce a hankali, shi ma da Hausa, "Ƙasa na nan inda kika bar ta, 'yata. Kanki ne bai iso ba tukuna."

Yaran nan shida su suka fara fashewa da dariya, sauran suka bi ba tare da sun san abin da aka ce ba. Ɗaya daga cikin shidan, Hawwa, ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta ce, "Sannu, Malama." Wata bakwai muna aji ɗaya da ita, ranar muka fara magana da harshen iyayenmu. Na kasa haɗa ido da ita.

Dattijon bai bar ni na tashi ba. Ya ja kujera ya koma Larabci, ya ce in bayyana wa yara abin da ya same ni yanzu. Daga zaune a ƙasa na yi bayanin, na ƙara da cewa masu dawowa daga sama ma haka suke tangaɗi, sai an tallabe su, har ƙwaƙwalwa ta sake koyon nauyi. Ya yi wa ajin tambayoyi, ba wadda ta kasa amsawa.

A ofis Sitt Nafisa ta wanke ni tas, kuma tana da gaskiya. Shi kuwa da zai tafi ya tambaye ni, "'Yar gidan wa ce ke a Mafaza?" Na faɗi sunan babana. Ya ce sun taɓa yankan dawa tare a Gedambaliya, lokacin yana tara abin komawa karatu, in gaishe shi. Ya faɗi haka a gaban malamai duka, da ƙarfi, ba ko ɗar. Wannan ya fi faɗuwar ƙona ni. Na ga mutumin da bai taɓa ɓoye abin da na kwashe wata bakwai ina ɓoyewa ba, kuma ba abin da ya ragu a jikinsa.

An tabbatar da ni. A ƙasan takardar ya rubuta: "Tana da himma. A nisanta ta da gadon mai gadi."

Har yau ina koyar da wannan darasin, amma da kwalba mai rabin ruwa nake karkatarwa, ƙafafuna biyu a ƙasa. Abin da na koya bai da yawa. Ka karanta kowace kalma kafin ka hau gado, kuma in kana da abin da kake ɓoyewa, kada ka yarda kanka ya yi ƙasa da ƙafarka.