Mai Gyaran Agogon da Ba Ya Kallon Ido

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na tara wa kaina jama'a a Sabon Gari, alhali ba wanda ya aike ni. Lokacin ana ta haramar karɓar mulkin kai, ni kuma ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, na samu aikin akawu a wani kamfanin Turawa mai sayen fata da ƙirgi. Gajeren wando, doguwar safa, alƙalami a aljihun gaba. In ka gan ni a kan keke za ka rantse ni na kawo boko Kano.

Akwai yarinyar da nake nema a Fagge, Falmata. Mahaifinta, Alhaji Bukar, Babarbare ne da ya daɗe a Kano, yana da rumfar yadi a Kantin Kwari. Mutum ne marar yawan magana. Yana da wani agogon aljihu mai sarƙa da ya sayo a Makka, da shi yake duba lokacin salla. Wata rana na je gaishe shi, ina tsugune can gefe, sai na ji yana ce wa abokinsa agogon ya fara jinkiri.

"Baba, a ba ni shi," in ji ni. "Ai kayan Turawa kullum cikinsu muke."

(Abin da na sani game da agogo shi ne ana murɗa masa kai, yana cewa tik-tik. Shi ke nan ilimin.)

Da na koma ɗaki na sa tsinin wuƙa na ɓamɓare murfin baya. Na ga ƙananan ƙafafu masu haƙora suna ta juyawa. Na ce a raina, keke ma in ya yi nauyi mai ake sa masa. Na aika gidanmu aka sammini man gyaɗa, na ɗiga ɗigo uku. Agogo ya yi tik, ya yi tik, ya yi shiru. Na girgiza shi, na hura shi, na shanya shi a rana. Ko gezau.

Washegari na garzaya Sabon Gari wurin Emeka Mai Agogo. Ɗan kabilar Ibo ne, haifaffen nan, Hausa a bakinsa kamar ni. Zai kai shekara arba'in. Tebirinsa na jikin shagon yayarsa, Mama Nkechi, mai sayar da burodi, kuma ita ke ciniki da mutane a madadinsa. Na yi masa sallama, ya amsa, amma idonsa na kan kafaɗata. Na matsa dama, ya koma kallon tebur. Ya karɓi agogo, ya maƙala gilashinsa a ido ɗaya, ya buɗe, ya shinshina, ya ce, "Sati biyu."

Sati biyu ya cika, na koma, Emeka ya ce saura kwana uku. Alhaji kuwa ya fara tambaya. Ni kuma tsoro ya kama ni, domin in asirina ya tonu, ina ganin har Falmata zan rasa. To, a ofis akwai abin da Baturenmu yake yawan faɗa, wai duk wanda ya kasa kallonka cikin ido maƙaryaci ne. Na haddace wannan magana kamar karatun allo. Sai na ɗauke ta na kai wa Alhaji.

"Baba, mutumin nan ban yarda da shi ba. Ko kallon mutum ba ya iya yi. Ina jin ya cire kayan cikin ne ya sayar."

Na zaci zai ce Allah ya isa, a bar maganar. Sai ya miƙe ya gyara babbar riga.

"Mu je in gan shi."

Daga Fagge zuwa Sabon Gari ba nisa, amma ranar sai da na ji kamar Zariya za mu da ƙafa. Kafin mu isa na yanke shawarar in riga kowa ɗaga murya. Muna zuwa na buga tebur, ƙananan kusoshi suka yi tsalle.

"Ina agogon Alhaji? Me ka cire a ciki?"

Emeka bai ɗago ba. Ya shiga tsince kusoshin ɗaya bayan ɗaya yana mayar da kowanne gurbinsa. Masu wucewa suka fara tsayawa: teloli, masu dako, mata da kwandunan cefane. Ganin jama'a sai ƙarfina ya ƙaru.

"Kun gani ko? In kana da gaskiya, dube ni cikin ido!"

Daga nan na yi abin da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Na miƙa hannu na kama haɓar mutumin da ya girme ni da kusan shekara ashirin, na ɗaga ta. Ya zabura kamar na ɗora masa garwashi. Ya runtse ido, ya toshe kunnuwa da tafin hannu, ya fara kaɗa jiki gaba da baya.

Mama Nkechi ta fito a guje, ta buge mini hannu.

"Kar ka sake taɓa shi! Uwarmu ma bai taɓa kallon idonta ba, ita ma satar ta ya yi? Tun yana ƙarami ya ce mana in ya kalli idon mutum, ba ya jin abin da mutumin ke faɗa. Ka zaɓa, kallo kake so ko amsa?"

Alhaji ya ce, "Madam, yi haƙuri." Ya juyo gare ni. "Kai, koma baya."

Na koma. Alhaji ya jawo benci ya zauna, ba a gaban Emeka ba, a gefensa, su biyun suna fuskantar titi. Ya ciro carbi yana ja. Aka ɗauki lokaci, har wasu 'yan kallo suka gaji suka tafi (amma, don rashin sa'ata, mafi yawansu suka tsaya). A hankali Emeka ya sauke hannuwa.

"Malam Emeka," in ji Alhaji, muryarsa ƙasa-ƙasa, idonsa na kan titi, "me ya sami agogon nan?"

Emeka ya jawo aljihun tebur ya ciro shi, naɗe cikin farin ƙyalle.

"Man gyaɗa ne. Ɗigo uku, ko huɗu. Ya kama ƙura ya daskare. Na kwance shi duka, na wanke sau biyu. An buɗe murfin da wuƙa, ga kurjin nan. Wanda ya buɗe bahago ne, daga hagu ya danna. Yau kwana huɗu yana aiki, amma yana jinkirin rabin minti a yini, shi ya sa ban bayar ba. Na salla ne. Ban so ya yi kuskure."

Wallahi ba da fushi ya faɗa ba, ba kuma don ya kama ni ba. Ko sunana bai ambata ba. Tambayarsa aka yi, ya faɗi abin da ya gani.

Alhaji ya waiwayo.

"Malam akawu, da wane hannu kake rubutu?"

Wani tela ya ce, "Ai da hagu ya buga tebirin!" Aka kwashe da dariya. Wata mata ta ce, "To kai ma ɗago ka dube mu mana!" Ni kuwa idona na kan yatsun ƙafata, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Wata shida kana zuwa gidana kana tsugunawa, ka taɓa kallon ƙwayar idona? Na ɗauka tarbiyya ce. Ashe a lissafinka sata ce. Ba shi haƙuri."

Na durƙusa na ce, "Malam Emeka, ka yafe mini." Ya ce wa tebirinsa, "To. Kar ka ƙara sa mai." Ya mayar da gilashinsa ya ci gaba da aiki.

Auren bai fasu ba, amma an ɗaga shi wata biyu, wai in ƙara hankali. Ranar da aka kai amarya, ƙawayen Falmata suka ajiye mini kwalbar man gyaɗa a bakin ƙofa. Har Alhaji ya rasu, wurin Emeka kaɗai yake kai agogonsa. Ni ma na zama mai zuwa. Na koyi zama a gefensa, mu fuskanci titi, ya yi ta yi mini bayanin cikin agogo awa guda ba gajiya. Ban taɓa zama da mutumin da ya kai shi tsare gaskiya ba.

Sai da na tsufa, wata jikata malamar asibiti ta ji labarin, ta ce da alama yana cikin masu abin da likitoci ke kira otizim, waɗanda haɗa ido yake yi wa yawancinsu nauyi. A zamaninmu ba mu san sunan ba. Alhaji ma bai sani ba, amma ya san inda ya kamata ya ajiye benci.

Abin da na koya dai kaɗan ne. In na ga mutum ya kawar da kai ina magana, nakan bar shi ya saurare ni yadda zai iya. In kuma na ji wani ya fi kowa ɗaga murya a cikin taro, nakan matsa kusa da shi a hankali, in shinshina ko zan ji man gyaɗa.