Rasuwar Turmin Da Ya Karkata Wa Rana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwar da ta yi tsami, Malam Usman Tanna na Kanan-Bakashe yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohon turmin gidansa, wanda ya cika jiya da hantsi a bakin aikinsa.

Marigayin ya yi ƙuruciyarsa a daka. Unguwa ba ta manta da muryarsa ba: dum, dum, tun asuba. Da gindinsa ya tsage aka yi masa ritaya, har ranar da mai haɗa sola ya zo daga Tasawa ya ce farantin solar ya dubi kudu, ya karkata digiri goma sha biyar. Aka gwada tokare shi da bulo, ya gaza. Aka gwada tano, wato gangar ƙarfe, ya yi yawa. Aka tura marigayin ƙarƙashin farantin ta arewa, sai ga shi cif, kamar don haka aka sassaƙa shi!

Kai, turmi ne mai sanin ya kamata. Da sanyi, rana ta yi kudu, yana tsaye ƙyam. Da bazara, ta dawo tsakiyar ka, a kwantar da shi, bai taɓa musu ba.

Ashe gara ta daɗe tana cin cikinsa, bawan Allah bai faɗa wa kowa ba. Jiya akuyar maƙwabta ta haye farantin. Ƙarar ƙarshe da aka ji daga gare shi ita ce ɓurum.

Ya bar faranti ɗaya, batir mai yawan suma, ƙwai biyu na lantarki, da salular Malam Usman, wadda ba ta isa ta mutu ba a makon nan, domin ɗiyarsa Hamida tana Agadas, haihuwar fari yau ko gobe. An nemi aron sabon turmin uwargida Zara'u, ta ce wanda ya taɓa shi ya manta da fura. Shi ya sa Malam Usman yake zaune arewa da farantin, ya ɗora shi bisa gwiwa, yana kuka yana duban caji.

Ba za a kai gawa ko'ina ba, Zara'u ta riga ta faskare ta, da ita za a dafa tuwon sadaka. Ana karɓar gaisuwa daga hantsi zuwa la'asar. Mai zuwa ya zo da gwiwarsa, za a riƙa karɓar Malam Usman bi da bi har salular ta yi ƙara.