Ƙwayar Wake Ba Ta Ishi Shugaba Ba

Idan ana lissafin manyan mutane, zalunci ne a tsallake shugaban ƙungiyar masu gidaje na layin bayan kasuwa. Bawan Allah ne da aka haifa da iliminsa cikakke, shi ya sa ba a taɓa gama yi masa bayani ba. Kana buɗe baki zai ɗaga hannu ya ce, "Ai na sani." A gabansa Shugaba ake ce masa. A bayansa kuwa Ai-Na-Sani ne, har a bakin matarsa idan ya ƙure ta.

Buri ɗaya ya hana shi sakat a duniya: a rataya hotonsa a bango, jama'a su tsaya su kalla. Dama ta samu da ƙungiya ta gina kwalbati a bakin layi, aka sa ranar buɗewa, aka kira mai hoto. Ana cikin haka sai ga ƙuraje sun feso masa a goshi da kumatu, marasa kunya, ko muƙaminsa ba su duba ba.

Ya tasa matarsa a gaba zuwa asibiti, ya tsallake layi, domin jira na ƙananan mutane ne. Likitar fata ta duba shi, ta rubuta masa wani man shafawa, ta shiga bayani: a lakato kamar ƙwayar wake, a shafa kafin barci kawai, a guji rana, kuma sai an yi haƙurin makonni kafin a ga aikinsa. Daga "ƙwayar wake" Shugaba ya rufe kunne. Sauran maganar matarsa ce ta kwaso.

Da suka koma gida ya tsaya gaban madubi ya yi mata jawabi. "Yarinyar nan ba ta san da wa take magana ba. Ƙwayar wake ai ta 'yan haya ce. Fuskar da ke wakiltar layi guda ba a auna mata magani da wake."

Ya matse rabin man a tafin hannu, ya laɓta kamar mai yaɓen katanga. Safe ya shafa, rana ya shafa, in ya wuce ta gaban madubi ya ƙara. Matarsa ta tuna masa abin da likita ta ce, ya amsa mata da amsar da ta sani. Da fuskar ta fara zafi da raɗaɗi, sai ya sanar da ita cewa maganin ne ya gane ya haɗu da babban mutum, shi ya sa ya zage damtse. Fatar ta yi ja, ta ɗaure tamau har dariya ta gagare shi. 'Yan ƙungiya suka ce wallahi kwarjininsa ya ƙaru, ya ji daɗi ƙwarai.

Ranar buɗe kwalbati rana ta take tsaka. Mataimakinsa ya kawo lema, Shugaba ya ture ta, kada inuwa ta rage wa hoto haske. Ya fara jawabi daga tarihin ruwan sama, ya gangaro kan gudummawarsa ga ɗan Adam. Kafin ya iso kan kwalbatin, goshinsa ya fara saɓa. Fata na zubowa fari-fari a kan baƙar rigarsa, hanci ya kumbura, idanu na ruwa. Wata tsohuwa a gaba ta ɗauka kukan farin ciki yake yi, ita ma ta taya shi.

Mai hoto ya ce a yi murmushi. Shugaba ya gwada, gefen bakinsa ya tsage. Hoton da aka rataya a ofishin ƙungiya na mataimaki ne riƙe da almakashi, sai wani mutum can baya da jiƙaƙƙen tawul a ka. Abin ya yi wa Shugaba ciwo fiye da fuskar.

Ya koma asibiti, wannan karon ya bi layi, kai a ƙasa. Likita ta ce ya dakatar da man sai fatar ta warke, ya riƙa shafa mai marar ƙamshi, ya bar rana ta huta da shi. Ta gama bayaninta tsaf ba a katse ta ba, saboda bakin ba ya buɗuwa sosai. Sannan ta nemi izinin ɗaukar hotonsa, a manna a bangon ɗakin jira domin marasa lafiya su—

"Ai na sani," in ji Shugaba ta gefen baki. Kalma biyu ya ji, hoto da bango.

Ta ce a hoton za ta rufe idanunsa da baƙin layi don kada a gane shi. Ya ce sam, cin mutunci ke nan. Ya kuma nace sai an rubuta muƙaminsa a ƙasa da manyan baƙaƙe.

Yanzu fuskar ta warke, burin kuma ya cika. Kullum jama'a na tsayawa gaban hoton suna kallo, wasu har da riƙe haɓa. A samansa an rubuta da jan alƙalami: "Ga abin da ke faruwa idan ba a saurari likita ba." Shugaba yakan kai baƙinsa su gani. Yana nuna musu muƙamin da hannun dama, da na hagu kuma ya ɗora hularsa a kan rubutun sama.