Yadda Za Ka Kare Mutuncinka Idan Budurwa Ta Kawo Aljebra Wurin Zance

Idan ka taɓa cika wa budurwa baki cewa kai ne dodon lissafi a makarantarku, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka ji kunya ba. Gali na Fammar ya gwada su a kan Hansatu, 'yar Kibiya, ɗalibar aji biyar da yake neman aure.

Mataki na 1: Kada ka razana

Bayan la'asar za ta shimfiɗa maka tabarma a zaure, ta kawo ruwa, sai ta miƙo aikin gida: 2x³ − 3x² − 11x + 6.

"Yaya Gali, waɗanne lambobi za a sa a gurbin x a samu sifili?"

Gyara zaman hula, ka ce, "Wannan ai na yara ne." Haka Gali ya ce, gabansa na dukan uku-uku.

Mataki na 2: Faɗi ƙa'ida da ƙarfi

Ka ce a lissafo masu raba shidan ƙarshe ba saura, wato 1, 2, 3 da 6, a ɗora su a kan masu raba biyun farko, wato 1 da 2, a gwada kowace da alamar ɗebewa da kuma babu. Gaskiya ce zalla. Ja ta da tsawo, don iyakar abin da ka tuna ke nan.

Mataki na 3: Gwada masu sauƙi

Gali ya sa ɗaya, ya samu −6. Ya sa biyu, ya samu −12, abin sai ƙara nutsewa yake. Kada ka kusanci uku, ninka ta sai an haɗa da yatsun ƙafa.

Mataki na 4: Ɗora wa malami laifi

Ture takardar, ka ce, "Wanda ya ba ku wannan bai san lissafi ba. Malaman yanzu sai a hankali!"

Amma fa ka fara tambayar sunan malamin. Gali bai tambaya ba. Sai ga gyaran murya daga cikin gida: Malam Ishiyaku, malamin lissafin ajinsu, ƙanin mahaifinta, wanda shi ne zai ba da aurenta.

Mataki na 5: Durƙusa

Har ƙasa, ka cire hular ma idan ta kama.

"Hansatu, gaya masa," in ji Malam.

"Uku ne, Baffa, da −2, da rabi." Ashe tun a aji ta gama, shi take gwadawa.

Malam ya rubuta wata tambayar a bayan takardar, ya miƙa wa Gali. "Ba komai, ɗana. Ran da ka samo amsar wannan, ka turo magabatanka."

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba shi da hannu a duk auren da aka ɗage, kada kowa ya zo masa gida. Mai ƙorafi ya nemi Gali a Fammar, yana gindin mangwaro. An yi shuka an yi girbi, har yanzu ɗaya yake gwadawa a gurbin x.