Goman Me?

Ba zan taɓa mantawa da hutun shekarata ta biyu a makarantar injiniya ba. Ko na so in manta ma, matan unguwarmu a Magaria ba za su bari ba, don har yau in na zo wucewa ana jajjagen tattasai sai wata ta ɗaga murya ta ce, "Ku rufe idanunku, ga Injiniya nan tafe."

Bari in fara da Mushe Lawali (Mushe shi ne Malam a Faransancinmu), malamin da ya koya mana lissafin ƙarfi da motsi a Damagaram. Siririn mutum ne, ba ka ganin haƙoransa sai ran da ake raba sakamako. Hali ɗaya gare shi da ya hana mu sakat: ka cika shafi uku da lissafi, komai daidai, amma in ka rubuta amsa ba ka sa mata ma'auni ba, zero ce. Ni kaina ya taɓa ɗaga takardata gaban aji ya ce, "Goma. To, goman me? Awaki goma? Buhu goma? Ko mata goma za ka aura?" Aka yi ta dariya. Ran nan na ce wa abokaina wannan ba koyarwa ba ce, mugunta ce kawai, ai kowa ya san santimita nake nufi. (Ku riƙe wannan "kowa ya san" ɗin, za mu dawo kansa.)

Da na zo hutu sai na tarar Inna tana cikin damuwa. Ɗan injin markaɗe gare ta a zaure, irin mai shan esansi, wato fetur, da ake tayarwa da igiya, kuma da shi ta riƙe gidanmu tun rasuwar Baba. To sai wani ya kafa babban inji mai lantarki a bakin kasuwa, kafin ka ajiye bokiti ya gama. Mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wai na Inna tafiyar hawainiya yake. Ana cikin haka aminiyarta Hajiya Balki ta tashi aurar da ɗiyarta, ta ce duk markaɗen bikin Inna za ta yi, ko injin zai kwana yana yi. Inna ta san me wannan ke nufi. In aikin bikin ya yi kyau, matan za su dawo. In ya ɓaci, sai dai a rufe injin da buhu.

Nan ne naku ya gyara zama.

Na zagaya injin sau biyu hannuwana a baya, kamar yadda Mushe Lawali ke zagaya aji. Na ce, "Inna, ai wannan ƙaramin abu ne. Kin ga wannan ɗan ƙarfen mai zagaye da bel ke hawa? Sunansa fuli. Akwai ƙarami a jikin moton da ke juya injin, akwai babba a jikin injin kansa. Gudun wannan sau faɗinsa daidai yake da gudun wancan sau faɗinsa. In muka ƙara wa ƙaramin faɗi kaɗan, injin zai ƙara gudu."

Ta ce, "Ni dai kada ka ɓata mini abin neman abinci."

Na auna tsohon fulin, santimita bakwai da rabi. Na buga lissafi na ga in aka sa mai goma gudun zai ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, moton kuma zai iya ɗauka. Wallahi lissafin nan ba shi da aibu, ko yau aka kawo mini shi zan sa hannu. Na ɗauki salula na kira Sabi'u, ɗan kawuna kuma taubashina, wanda ke da shagon kayan inji a Kano.

"Kai bawana, fuli nake so na moton Inna. Mai goma."

"Goma? An gama, ranka ya daɗe Injiniyan Faransa. Jibi zan ba direba."

Iyakar maganar ke nan. Shi bai tambaya ba, ni ban ƙara ba, muka koma zagin juna irin na taubasai har kuɗin wayata suka ƙare.

Ana gobe biki, da la'asar, Sabi'u ya ce saƙo yana hanya. Sai na ga ai gara in rage aiki, in cire tsohon fulin tun yanzu. Ashe tsatsa ta riƙe shi gam. Na ja, ya ƙi. Na zuba mai, ya ƙi. Na ɗauko guduma na ce masa yau za ka san da ɗan makaranta kake, na ba shi ɗaya mai kyau, ya rabe gida biyu ya faɗo. Inna ta leƙo ta dubi gutsattsarin, ta dube ni. Na ce, "Dama aikinsa ya ƙare."

Da hantsi ranar biki direba ya aiko da kwali. Tun daga nauyinsa na fara zargin akwai matsala. Da na buɗe sai ga wani ƙaton fuli kamar faifan rufe tukunya, har da sabon bel mai tsayi, wai mai kanti ya ce tare suke tafiya. Ba sai an gaya mini ba. Mu a nan da santimita aka raine mu, su kuwa can tsallaken iyaka duk wanda ya ce goma a kasuwar ƙarfe, inci yake nufi. Inci goma ya haura santimita ashirin da biyar.

To a nan ne mai hankali zai ce, Inna, an yi kuskure, a kai markaɗen nan bakin kasuwa. Har na buɗe baki. Amma zaure ya riga ya cika da mata da bokitai, tattasai da attaruhu da tumatir da albasa, ga waken alala an jiƙa. Hajiya Balki da kanta ta zo cikin sabon leshi fari, wai tana so ta ga aikin ɗanta, wato ni. Ni kuma na sha farar rigar nan tamu ta ɗakin gwaji, wadda na ɗauko tun daga Damagaram don irin wannan rana, har da biro biyu a aljihu.

Sannan Inna ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ni ne ɗanta na fari, kun kuwa san alkunya. Tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta yabe ni gaban mutane. "Yaron nan" nake, ko "kai wannan." Amma ran nan ta dubi ƙaton fulin yana ƙyalli, ta juya ga matan ta ce, "Ku matsa ku ba Injiniya wuri." Aka rangaɗa guɗa. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ku gaya mini, da wane bakin zan ce mata an yi kuskure?

Sai na ce wa zuciyata ai ba komai, zan rage wa moton wuta ya yi tafiya a hankali. Na zo sa fulin, ya ƙi zama, gefensa na dukan katakon ƙasa. Injin da kansa yana ce mini kada ka yi, amma na ɗauko guntayen katako na ɗaga moton, na ɗaure, na yi wa matan bayani cewa wannan sabon tsari ne. Wata tsohuwa daga Kwaya ta ce, "Boko dai ya yi rana."

Na ja igiya a ƙaramar wuta. Ya yi tari ya mutu. Na sake ja, ya juya kaɗan, aka zuba tattasai, ya sake mutuwa. (Wannan ma mun karanta shi: abin da ka samu a gudu, a ƙarfi kake biyansa. Na ci jarrabawar, da maki mai kyau ma.) Na ji wata a baya tana cewa, "Anya? Ko dai mu kwashi kayanmu tun da sauran rana?" Na ga Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Shi ke nan, na tura wuta har ƙarshe, na ja igiya da duk ƙarfina.

Jama'a, ban taɓa jin inji ya yi irin wannan kukan ba. Ya fara da gurnani, ya koma kururuwa, teburin ya kama rawa yana matsowa tsakiyar zaure. Ni kuwa don in nuna komai lafiya, na ɗauki kwano na kamfato attaruhu da tumatir na juye masa gaba ɗaya, har na leƙa ciki.

Akwai wata ƙa'ida da muka haddace, cewa ƙarfin da ke wurgar da abu waje yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. In gudu ya ninka uku, shi tara zai ninka. A kan allo wannan ɗan ƙaramin biyu ne da ake rubutawa a saman harafi. A zauren Inna kuwa, attaruhu ne a ido.

Ta sama ya fito, ta ƙasa ya fito, ta gefen murfi ya fito. Ni na fara karɓa, a fuska. Ban ga sauran ba sai dai na ji: salati, ihu, atishawa, ƙarar bokitai, wata tana kiran sunan ɗanta tana cewa ya yafe mata. Bel ɗin ya tsinke ya yi tsalle ya kifar da bokitin wake, moton ya yi wata irin shaƙuwa ya mutu. Da na samu na buɗe ido ɗaya, abin da na fara gani shi ne Hajiya Balki, uwar amarya, tsaye ƙiƙam, farin leshinta ya koma atamfa mai jan fure tun daga ɗankwali har ƙafa. Bango ja, rufi ja, farar rigata kuwa kamar na fito daga mahauta. Akuyar maƙwabta ta riga ta shigo ta fara da waken.

Hajiya Balki ta share fuska, ta yi atishawa, ta ce, "Ɗana, gudun dai ya ƙaru."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba yajin ba ne ya fi yi mini zafi, fuskar Inna ce. Ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannuna kamar ɗan yaye ta kai ni bakin randa, ta zuba mini ruwa, ta kawo nono ta shafa mini a fatar ido. Da ta gama sai ta ce, "Kai wannan, je ka aro turame." Injiniya ya mutu, an koma kai wannan.

Abin da ya rage na kayan miya a turmi aka jajjaga shi. Alala kuwa an yafe. Ni ma aka miƙo mini taɓarya, na tsaya cikin layin mata da jar rigata da kumburarrun idanu ina daka, 'yan mata na yi mini waƙa. Abincin biki bai sauka ba sai bayan la'asar, baƙin da suka zo daga Dungas da Yekuwa suna ta tambaya me ya faru, ana nuna musu ni da baki.

Da yamma na kira Sabi'u in sauke masa. Sai da ya yi dariya har ya sarƙe, sannan ya ce, "Ka ce goma, na ba ka goma. Ni na san goman me kake nufi?" Wallahi muryar Mushe Lawali na ji sak a cikin salular.

Bayan kwana kaɗan ya aiko da mai inci huɗu, wanda shi ne santimita goma da 'yan kai. Na sa shi ba rigar gwaji, ba 'yan kallo. Injin ya tashi lafiya lau, gudunsa ya ƙaru daidai yadda na lissafa. Matan ma sun dawo, har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba, amma kada ku ce don lissafina ne. Zuwa suke su ga jan tabon da ke rufin zaure, a ba su labari tun daga farko, Hajiya Balki kuma ba ta gajiya da bayarwa.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa, ni kuwa na sa nawa a wuya na yi yawo da shi. Yanzu ko ruwa na ce a ba ni, sai na faɗi kofi ne ko moɗa. Ɗaliban da ke zuwa koyon aiki a ma'aikatarmu suna cewa na cika tsanani a kan ma'auni, ina jin su, ba na ba su labari.

Ƙaton fulin yana nan, Inna na danne murfin randa da shi. Ba ta sake ce mini Injiniya ba, ko ran da na karɓo takardar gama makaranta. Sai bara, da aka kai kuɗin aurena, ina zaune a zaure ana raha, wata gwaggo ta tambaye ni 'ya'ya nawa nake roƙon Allah ya ba ni. Na ce goma. Inna tana bakin injinta, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Goman me, Injiniya? Faɗi da kyau, kada a aiko maka da na Kano."